Abokina ya caccaki wasan 'yan fashin teku da na rubuta a gaban kowa, in daina ne?

Saƙon wannan makon daga wani matashi ne, na ɗan rage masa tsawo:

"Assalamu alaikum Yaya. Mu biyar ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar muna buga Dungeons & Dragons, wasan nan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mutum ɗaya yana jan labarin, ana jefa dayis a ga ko abin da ka yi niyya ya yiwu. Da ma labaran wasu muke saukowa daga intanet, sai na ce bari ni ma in rubuta nawa. Wata biyu ina kai. Shafi huɗu ne, kogon 'yan fashin teku a wani tsibiri, ɗaki takwas a jere, a na ƙarshe fatalwar kyaftin ɗinsu tana gadin akwatin zinare. Muka buga. Da daddare babban abokina ya tura saƙon murya na minti bakwai a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai kogon nawa lungu ne kawai ba kwana, wai na yi ta karanta musu tarihi har barci ya fara ɗaukarsa, wai ƙofa ɗaya ta tsare su kusan minti arba'in (sai an jefa 15 take buɗuwa, ɗan makullin kuma na ɓoye shi ƙarƙashin wata ganga ba wanda ya duba), wai 'yan fashin nawa ba su da maraba da dodannin da muka saba kashewa sai dai an ɗaura musu ƙyalle a ka, yana yi yana dariya. Biyu suka ce 'ya yi kyau' kawai. Ƙanwata da take wasa da mu ta ce ita dai kukun da suka tarar a ɗaure a ɗaki na uku ne ya burge ta. Sati biyu kenan ban ce uffan a gurup ba, ban kuma je ba. In haƙura da rubutun ne, ko in haƙura da abokin?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kar ka haƙura da ko ɗaya, daga abin da ka rubuto ban ga abin da ya lalace har ya wuce gyara ba, ba a takardar ba, ba kuma a zumuncin ba.

Na san ba maganar ƙofa ce take hana ka barci ba, dariyar ce. Wata biyu kana zaune kana zana taswira kana gogewa, kana hango yadda fuskokinsu za su yi in sun shiga ɗakin ƙarshe, sai mutumin da ka fi so ya yaba maka ya zo yana ƙyalƙyala dariya a gaban kowa har da ƙanwarka. Wannan da ciwo wallahi, kuma bai kyauta ba ko da a ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ai tun muna yara muke ji a bakin iyaye da malamai cewa nasiha in aka yi ta a bainar jama'a tozarci take komawa. Don haka kar wani ya ce maka wai ka cika ɗaukar zafi.

Sai dai saƙon nan nasa abu biyu ne a ciki, akwai yadda ya faɗa akwai kuma abin da ya faɗa, kai kuma ɓacin rai ya sa ka dunƙule su ka watsar gaba ɗaya. Yadda ya faɗa, wannan tsakaninka da shi ne kuma zan dawo kai. Abin da ya faɗa kuwa, ka yi haƙuri da ni, ya fi "ya yi kyau" ɗin nan na mutum biyun can amfani nesa ba kusa ba, don mutumin da ya zauna ya yi minti bakwai yana lissafo maka ɗaki ɗaki to ya kula da abin da ka rubuta, ya riƙe shi a kansa har dare. Abin da nake so ka yi shi ne ka nemi lokacin da ranka ya ɗan huce, ka ɗauki biro da takarda ka sake sauraren saƙon, duk inda ya yi dariya ko ya yi baƙar magana ka tsallake, abin da ya faru a tebur kawai za ka rubuta. An tsaya a ƙofa minti arba'in. An gaji lokacin karatun tarihi. Ba a samu zaɓin hanya ba. 'Yan fashin ba su bar komai a zuciyar kowa ba. Kaga layi huɗu ne kacal, kuma babu layin da ya ce kai ba ka iya ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe game da gyaran da 'yan wasa suke bayarwa. Wanda ya ci tuwo in ya ce miya ta yi gishiri ka yarda da shi, harshensa ne ya ji, amma in ya fara tsara maka yadda za ka kaɗa ta to nan kana da damar ka saurara ka ce a'a. Ɗan wasa ba ya kuskuren inda ya gundura, shi ya zauna a wurin ya ji a jikinsa. Maganin da zai ba ka ne sau da yawa ba ya ci, ɗaya zai ce ƙara dodanni, ɗaya zai ce cire ƙofar gaba ɗaya, alhali kai ne ka san abin da kake ginawa.

Mu ɗauki ƙofar, don ita ce ta fi sauƙin gani da lissafi. Dayis ɗin fuska 20 gare shi. Ka ce sai 15. A ce mai buɗe kwaɗo a cikinsu ana ƙara masa 3 a kan duk abin da ya jefa, kenan yana buƙatar 12 ko sama, daga 12 zuwa 20 fuska 9 ne cikin 20, kashi 45 cikin ɗari kenan. Ma'ana tun ranar da ka rubuta wannan layin ka riga ka yanke cewa ya fi yiwuwa wasanka ya tsaya cak a nan fiye da ya wuce, kashi 55 na faɗuwa, kuma duk sauran ɗakunan da ka sha wahala a kansu suna bayan wannan ƙofar. In kuma ba shi da ƙarin komai, fuska 6 ne kawai, kashi 30. Ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya fara rubuta kogo sai ya faɗa wannan ramin, saboda a kanka kana ganin ɗan makullin ƙarƙashin ganga ƙuru-ƙuru, ka manta su ba su cikin kanka. Wani marubucin wasanni, Justin Alexander, ya rubuta wata ƙa'ida a 2008 da ta yaɗu sosai tsakanin masu jan wasa, cewa duk abin da kake so 'yan wasa su gano to ka ajiye musu alama aƙalla uku da suke nuna shi, don ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu za su gani su yi biris da ita, ta uku ma suna iya yi mata gurguwar fahimta kafin su dawo hanya. Haka ƙofar da dole sai an wuce ta. A bar kwaɗon yadda yake, amma kukun nan ya san inda makullin yake in an kyautata masa, ƙofar kuma katako ce da ruwan gishiri ya ci, ana iya ɓalle ta da gatari sai dai ƙarar za ta taso masu gadi biyu daga ɗakin gaba, sannan ga gangar albarushi a gefe ga wanda zuciyarsa ta kai. Ko wanda ya jefa ya faɗi ma kar ka ce masa "ba ta buɗu ba" ka yi shiru, ka ce ta buɗu amma ƙarfen da yake aiki da shi ya karye a ciki kuma kun ji takun sawu yana tahowa. Faɗuwar dayis ta riƙa jawo musu wahala tana tura labari gaba, kar ta riƙa tsayar da shi.

Sai maganar lungu. Ɗaki takwas a jere, daga na ɗaya sai na biyu sai na uku, duk zaɓin da ɗan wasa yake da shi shi ne ya ci gaba ko ya juya gida. To abin da ya raba wasan nan da karanta littafi ko kallon fim tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka shi ne kai ne kake zaɓa, in aka cire zaɓin an mayar da abokanka 'yan kallo masu jefa dayis. Akwai wata marubuciyar wasanni Ba'amurkiya, Jennell Jaquays, ta rasu a Janairun 2024, kogon da ta rubuta a 1979 mai suna Caverns of Thracia har yau da shi ake buga misali, saboda hanyoyinsa suna zagayowa su haɗu, akwai ɓoyayyun ƙofofi da matakala da ramukan da za su sauke ka can ƙasa ta wani gefe daban, ta yadda tebur biyu za su buga abu ɗaya kowa ya fito da labarinsa.

Ba sai ka yaga taswirarka ba. Layi uku za ka ƙara da fensir. Kogo ne a bakin teku, to ai dole akwai inda kwalekwalensu yake shiga, ka buɗe wannan bakin ya kai mutum ɗaki na biyar kai tsaye amma sai in ruwa ya janye. Kukun yana girki, hayaƙin ta ina yake fita? Ka huda rami a saman dutsen, wanda ya hau tsibirin ya ga hayaƙi zai iya zura igiya ya sauka a ɗaki na uku. Sannan ka haɗa ɗaki na biyu da na shida da wata 'yar ƙaramar hanya ta ƙasa wadda ruwa yake cikewa. Shi kenan fa, ɗakunan suna nan takwas ɗinsu amma yanzu mashiga uku ce, kuma tun kafin su taka ƙafa a ciki za ka ji suna gardama a tebur kan ta ina za a bi, wannan gardamar ita ce wasan.

Kuma tunda ka zaɓi teku, ka sa tekun ya yi maka aiki mana. A yawancin gaɓoɓin teku ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa. Ka ɗauki dayis mai fuska 6 ka ajiye a tsakiyar tebur inda kowa yake gani, 6 a sama. Duk sanda suka tsaya bincike mai tsawo ko suka zauna hutawa sai ka miƙa hannu ka juya shi zuwa 5 ba tare da dogon bayani ba, ka ce ruwa ya kai idon sawu. A 3 hanyar ƙasan nan ta cika sai mai iya nutso. A 1 bakin kwalekwale ya rufe. Za ka ga yadda mai danna waya zai ajiye ta, don yanzu ko tsayuwa a ƙofa tana da farashi.

Tarihin da ka karanta musu kuwa, na san shi ne ya fi cin lokacinka a wata biyun nan, shi ya sa sukarsa ta fi zafi. Kar ka jefar da shi, ka riƙe shi a gefenka kai kaɗai, amma abin da za ka karanta da baki a kowane ɗaki kar ya wuce jimla uku. Misali ɗakin kukun: "Warin busasshen kifi da hayaƙi ya cika wurin. Wani dattijo mai ƙafa ɗaya yana zaune gefen murhu, sarƙa a ƙafar tasa mai lafiya, yana fere doya yana kallonku ko gezau bai yi ba. A bango an manna wata takarda mai sa hannun mutane da yawa, an soke sunaye biyar." Ka tsaya nan. Wani zai tambaya waye ya ɗaure shi, wani zai je ya karanta takardar, kuma duk abin da ka faɗa bayan an tambaye ka za a saurara, saɓanin wanda ka zuba musu ba su nema ba. Akwai wani tsohon labarin wasan da aka fitar a 1981, The Sinister Secret of Saltmarsh, abin da ake gaya wa 'yan wasa a farko kawai shi ne akwai wani kango a bakin teku da mutanen gari suke cewa fatalwa ce a ciki, su da kansu suke ganowa cewa 'yan fasa-ƙwauri ne suke tsorata mutane don su yi harkarsu a kogon da ke ƙarƙashin gidan. Da an karanta musu wannan tun a bakin ƙofa da ba wanda zai tuna da shi, amma ga shi har an sake buga shi a 2019.

Yanzu abin da ni ya fi jan hankalina, maganarsa cewa 'yan fashinka dodanni ne masu ƙyalle a ka. A nan ya faɗi gaskiya mai nauyi, kuma a nan ne gyaran zai fi daɗi, don tarihin mutanen nan na gaske cike yake da abin da za ka ɗiba. Zamanin da suka fi tashe, daga wajen 1650 zuwa wajen 1730, jirgin 'yan fashi ba kyaftin ne yake mulkinsa yadda ya ga dama ba. Zaɓensa ake yi, kuma ana iya tsige shi, cikakken ikonsa a lokacin yaƙi ne ko in ana bin wani jirgi, sauran lokuta akwai wani zaɓaɓɓen jami'i mai kula da rabon ganima da abinci da sasanta rigima, wanda sau da yawa shi ne bakin sauran mutanen jirgin. Suna da rubutacciyar yarjejeniya da kowa yake sa hannu. Ta wani kyaftin ɗinsu, Bartholomew Roberts, tana nan a wani littafin tarihin 'yan fashi da aka buga a Landan a 1724: kowa yana da ƙuri'a a manyan al'amura, ba caca da kati ko dayis don kuɗi, a kashe fitilu ƙarfe takwas na dare, kyaftin da mai rabon ganima kaso biyu-biyu suke ɗauka, wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki a ba shi dala 800 daga asusun kowa, makaɗa kuma su huta ranar Lahadi. Ka dubi wannan ka dubi kukunka mai ƙafa ɗaya. Me zai hana a ce an hana shi diyyarsa ne ya yi magana aka ɗaure shi? Nan take ya zama mutum mai ƙorafi na gaskiya, yana da dalilin da zai taimaki baƙi, yana kuma da abin da zai nema a wajensu.

Ko ka ɗauki 1718. A shekarar sabon gwamna Woodes Rogers ya isa Nassau a tsibiran Bahamas, matattarar 'yan fashi a lokacin, yana ɗauke da afuwar Sarkin Ingila ga duk wanda ya ajiye makami. Suka rabu biyu, Benjamin Hornigold ya karɓa har ya koma farautar tsofaffin abokan sana'arsa, Charles Vane ya ƙi ya cinna wa wani jirgi wuta ya tura shi wajen jiragen gwamnati ya tsere. To ka sa wannan rabuwar a cikin kogonka. Rabin mutanen suna so a raba dukiya a karɓi afuwa kowa ya koma gida, rabi suna ganin tarko ne, sunaye biyar ɗin da aka soke a bango su ne suka fara kawo maganar. Yanzu 'yan wasa suna da wanda za su yi ciniki da shi, wanda za su yaudara, wanda za su haɗa faɗa, ba sara da suka kawai ba. A watan Mayun wannan shekarar dai shahararren ɗan fashin nan Blackbeard ya tare bakin tashar Charleston ta Amurka ya kama manyan mutanen gari ya riƙe, kuma abin da ya nema fansa akwatin magani ne. Mutanen da suke wata da watanni a ruwa ciwo da yunwa da ƙishirwa ne suke cinsu, don haka in 'yan fashinka suna da majinyata a ɗaki na shida kuma cikin jaruman akwai mai iya magani, ka ga wata ƙofar ta buɗe da ba ta buƙatar dayis.

Akwatin zinaren ma ka sake dubansa. Binne dukiya ba al'adarsu ba ce, kyaftin William Kidd ne aka tabbatar ya yi a tsibirin Gardiners kusa da New York a 1699, kuma ba a daɗe ba hukuma ta tono ta. Yawancin ganimarsu kayan fatauci ne, sukari, yadi, taba, kayan yaji, abin da sai an ɗauka an kai kasuwa an sami mai saye. Ka bar zinaren tunda wasa ne, amma ka sa mafi tsadar abin ya zama mai nauyi, bandir-bandir na siliki da ruwa zai lalata, ga dayis ɗin can ya sauka 2, sai su zaɓi me za su ɗauka me za su bari. Kuma tarihin nan bai yi mana nisa yadda muke zato ba, shi Roberts a gabar Afirka ta Yamma ya shiga fashi a 1719, a kusa da Cape Lopez ta Gabon aka kashe shi a Fabrairun 1722, a Cape Coast ta ƙasar Gana aka yi wa mutanensa shari'a aka rataye 52, baƙaƙen fata da dama da aka samu a jiragensa kuma sayar da su aka yi bayi. Babban jirgin Blackbeard ma asalinsa jirgin Faransa ne na safarar bayi da ya ƙwace a 1717. Ba na cewa dole ka sa wannan a wasan yammacin Asabar, amma in ka taɓo shi ka taɓa shi da mutunci, mutane ne irinmu aka yi wa haka.

Maganar ƙanwarka kar ka ɗauke ta a matsayin lallashi, ita ce ta nuna maka inda ƙarfinka yake. A duk ɗakuna takwas abin da ya zauna a ran mutum shi ne wanda ake iya yi wa magana ya amsa. Ita da abokin naka abu ɗaya suka faɗa, shi ya nuna inda babu, ita ta nuna inda akwai. Ka iya rubuta mutane, sai ka ƙara su. Fatalwar kyaftin ɗin ma ka ba ta baki, me take so, me ya hana ta tafiya, ko amanar da aka ci ce take so a bayyana? In ana iya fita daga ɗakin ƙarshe ta hanyar magana ko yarjejeniya, faɗan da za a yi in magana ta ƙi ma zai fi armashi.

Su kuma masu "ya yi kyau", ba munafunci suka yi ba, kunya ce da gudun ɓata maka rai, musamman bayan sun ji abin da ɗayan ya yi. In ka tambayi mutum "ya ka gani?" amsar da za ka samu kenan har abada. Ka bi su ɗaya-ɗaya ta waya, ba a gurup ba, ka yi tambayar da ba a amsa ta da yabo: a wane wuri ka ɗauki wayarka ka fara dannawa, me ka so ka yi ka ga ba dama, wane ɗaki za ka iya ba wani labarinsa yanzu ba tare da ka duba takarda ba. In mutum biyu ko uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, to wurin yana da matsala ko da kai kana sonsa. In mutum ɗaya ne kawai, wataƙila ra'ayinsa ne, akwai mai son faɗa akwai mai son surutu akwai mai son wasa ƙwaƙwalwa, ba za ka gamsar da su duka a kowane ɗaki ba kuma ba a ce sai ka yi ba.

To abokin naka. Shirun sati biyu bai gaya masa komai ba, ƙila ma shi a ganinsa raha ya yi irin wadda kuka saba, yana can yana mamakin me ya same ka. Ka same shi ku biyu, ido da ido, ba saƙo ba, don rubutu ba ya ɗaukar murya kuma rigimar gurup ba ta ƙarewa da daɗi. Ka ce masa wane, na saurari abin da ka ce kuma maganar ƙofar da ta lungun ka yi gaskiya, ina kan gyarawa, amma dariyar da ka yi a gaban kowa ta ɓata min rai, gaba in kana da gyara ka kira ni. Iyakarta kenan, kar ka tono tsofaffin laifuka, kar kuma ka tsaya kare rubutun. Fara masa da inda ya yi daidai zai sa ya sauke kafaɗa ya ji sauran. Ina kyautata zaton zai ba ka haƙuri. In kuma ya ce ai kai ne ba ka san wasa ba ya ci gaba da yi, to ka san ba shi za ka riƙa fara nuna wa sabon aiki ba, kuna iya ci gaba da zama tebur ɗaya ba tare da ka ba shi wannan matsayin ba.

Ku kuma sa wa gurup ɗin 'yar ƙa'ida tunda yanzu kun fara rubuta naku: bayan an tashi wasa a ɗauki minti goma a wurin, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji daɗinsa da abu ɗaya da yake fatan gani gaba, marubucin kuma ya rubuta kawai kar ya yi musu. Wannan na ƙarshen da wuya, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka ce ai makullin yana ƙarƙashin ganga, ka danne, don ranar da wani baƙo zai sauke takardarka daga intanet ba ka wurin balle ka yi masa bayani.

Shi ya sa gwajin da ya fi kowanne shi ne, in ka gama gyara, ka miƙa wa wani takardar ya ja wasan da kansa da wasu mutanen da ba su taɓa bugawa ba, kai ka zauna gefe da biro ba ka cewa komai. Duk inda ka ga ya tsaya yana juya shafi yana neman abu, ka sa alama, rubutun ne bai fito ba. Duk inda ya ƙirƙiro abin da ba ka rubuta ba, a nan ka bar giɓi. In ya sasanta da kai, abokin nan naka ne ya fi dacewa da wannan aikin, yana da ido, kuma in ya zauna a kujerar mai jan wasa mutum huɗu sun zuba masa ido suna jira zai san nauyin abin da ya yi wa dariya.

Shafi huɗun ma ka gwada matse su su koma ɗaya, taswira a tsakiya bayanin ɗakuna a gefe. Akwai gasar da ake yi ta intanet tun 2009 mai suna One Page Dungeon Contest, sharaɗinta kenan komai ya shiga shafi ɗaya, ana iya sauke na shekarun baya kyauta, ka duba goma ko ashirin ka ga yadda mutane suke cusa ɗaki guda cikin layi biyu. Ba don ka shiga gasar ba dole, matsewar ce za ta nuna maka abin da tebur yake buƙata da abin da kai kaɗai kake so. Amma kafin duk wannan, Asabar mai zuwa ka je, ko da ba labarinka za a buga ba, ka ɗauki jarumi ka zauna cikinsu. Ƙofar da mashiga ukun ka fara da su, aikin yamma ɗaya ne, sauran su biyo baya a hankali. In kun sake bugawa ka rubuto min yadda ta kaya da kukun, Allah ya ba da sa'a.